Darasi na 7: Motar da Ta Ƙi Gane Makullinta

Wanda ya koyi tuƙi da Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ya san abin yi idan mota ta ƙi tashi. Zai buɗe bonet, ya girgiza kan batir, ya ƙwanƙwasa sitata da sifana. In duk ta ƙi, ya kira samari su tura, ya sa giya ta biyu ya saki kuloci. Har gobe Golf da Sharan ɗin da ke jigilar fasinja tsakanin Makarfi, Ikara da Zariya suna jin wannan magani. Amma motocin gida da ake shigowa da su yanzu, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam da waɗanda ake saukewa a Legas daga Amurka, da yawansu ba su da ma ramin zira makulli. Maɓalli ake dannawa, makullin na cikin aljihu. Ran da mota irin wannan ta yi gardama, sai ka ga direban da ya shekara talatin a kan hanya ya tsaya yana kallonta, ya rasa ta inda zai ɓullo mata.

A nan Gubuci abin ya fi ciwo. Mutumin Sabon Garin Zariya ko na Kano zai iya takawa da ƙafa ya kira mai kwamfutar mota. Mu kuwa sai an yi waya, an jira, an biya kuɗin man wanda zai zo, kafin ma a yi maganar kuɗin aiki. Abin haushin shi ne, sau da yawa matsalar da ta sa aka taso mutum tun daga birni ba ta wuce wadda mai motar zai magance da hannunsa cikin minti goma ba. Wannan darasi zai koya maka ka bi matsalar daki-daki, daga mai arha zuwa mai tsada, ka kuma san inda hannunka ya kamata ya tsaya.

Yadda mota da makulli suke magana

Abin da ke gudana tsakaninsu ya yi kama da sallama a ƙofar gida. Motar ce take fara yin sallama, makullin ya amsa, sa'annan ta duba ko muryar ɗan gida ce. A cikin mariƙin ƙofa, da tsakiyar mota, da but, akwai ƙananan eriya da ke aika saƙon rediyo mai gajeren zango, a kan kilohaz 125 a yawancin motoci, ko 134 a Toyota. Saƙon ba ya nisa, a wajen mota bai cika kai mita ɗaya daga ƙofa ba. Idan makullin ya ji, sai ya mayar da amsa da lambar sirri ta wata tasha dabam: yawanci megahaz 315 a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, 433 a na Turai. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu na ƙarshe, za mu dawo kansu wajen sayen makulli.

Idan lambar ta dace, kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira biren bos, za ta saki sitiyari, ta ba sitata wuta, ta buɗe wa inji mai. Idan ba ta dace ba, ko amsar ba ta iso ba sam, komai zai tsaya cik. Wannan ba lalacewa ba ce, aikin da aka ɗora mata ke nan. Satar motoci ce ta kawo tsarin. Tun 1998 dokar Jamus ta wajabta wa kowace sabuwar mota na'urar hana tashi sai da makullinta, kuma a ƙarshen shekarun 1990 ne Mercedes-Benz ta fito da motar da ake tayarwa ba tare da an fitar da makulli daga aljihu ba. Sauran kamfanoni suka bi sahu.

Ke nan abubuwa uku ne za su iya katse zancen: ko makullin ba shi da ƙarfin amsawa, ko motar ba ta da ƙarfin yin sallamar, ko wata hayaniya ta shiga tsakani. Biyu na farko duk maganar batir ce.

Batirin makulli

Rubutun da ke fitowa a dashbod da Turanci yake, yawanci "Key Not Detected" ko "No Key", wato ba ta ga makulli ba. Wasu motocin hoton makulli kawai suke nunawa da 'yar ƙara. Kafin a kai ga haka makullin yakan yi gargaɗi, mu ne ba ma kula. Da daga bakin masallaci kake buɗe mota, yanzu sai ka matso jikinta. Da dannawa ɗaya ta isa, yanzu sai uku. 'Yar jar fitilar da ke jikin rimot ta dusashe ko ta daina kamawa.

A gefe ko bayan rimot akwai ɗan abin turawa. Tura shi, ka zaro siririn makullin ƙarfe da ke ɓoye a ciki. Mutane da yawa sun shekara da mota ba su san da shi ba. Da bakin wannan ƙarfen, ko da ƙaramar sukudireba da aka naɗe bakinta da ƙyalle, za ka ɓare rimot ɗin gida biyu. Yi a kan tabarma ko faranti, kada a kan yashi, domin ƙananan maɓallan roba suna zubowa. Kafin ka cire tsohon batir, dubi wane gefe ne yake sama, mai alamar + ko ɗayan. In kana da waya mai kyamara ɗauki hotonsa.

A jikin batirin akwai lamba. CR2032 ya fi yawa, shi ne a rimot ɗin Accord na 2013 zuwa sama da Camry na 2012 zuwa 2017. Camry na 2007 zuwa 2011 mai maɓalli CR1632 take ɗauka. Lambar awo ce: 20 na nufin faɗin milimita 20, 32 kuma kaurin milimita 3.2. Saboda haka CR2025 zai shiga gurbin CR2032 amma ya fi shi siranta, zai riƙa motsi, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Sai maganar inganci. Batirin da ya yi wata da watanni a kan tire cikin ranar bazara, ko wanda aka ɓalle daga kwalinsa ana sayarwa ɗai-ɗai, yana iya zama rabin matacce tun kafin ka saya. Sayi wanda ke rufe cikin kwalinsa, ka duba ranar ƙarewar wa'adinsa. Idan akwai mai gyaran waya kusa, roƙe shi ya ɗora masa mita: sabo yakan nuna sama da volt 3 kaɗan, wanda ya sauko wajen 2.8 ya gaji. Na fi son mutum ya sayi biyu, ya ajiye ɗaya a cikin mota inda rana ba ta dukansa. Wajen sa sabon, riƙe shi ta gefe-gefe, kada maiƙon hannu ya shafi fuskokinsa, ka kuma tabbata ƙananan ƙarafan da ke taɓa shi ba su lanƙwashe ko sun yi tsatsa ba. Yawancin motoci ba sa buƙatar a sake saita makulli don an canja masa batir. Wanda ya nemi kuɗin saiti a kan wannan kaɗai, ka tambaye shi dalili.

Batir mai kyau yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu. Yana mutuwa da wuri idan ana ajiye makullin kusa da talabijin, ko cajar waya, ko a kan tagar da motar ke kwana a gindinta, domin kullum yana jin saƙo yana farkawa. Ruwa kuma babban abokin gabarsa ne. Makullin da aka manta a aljihun riga aka jiƙa ta don wanki, ko wanda ya faɗa kwata wajen alwala, a cire masa batir nan take, a buɗe shi, a bar shi ya bushe a inuwa kwana ɗaya ko biyu kafin a gwada. Danna shi yana jiƙe shi ke ƙona shi.

Gargaɗi ɗaya da bai shafi mota ba: kada a yar da tsohon batir a tsakar gida. Yaro mai rarrafe yana iya haɗiye shi, kuma idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona naman wurin cikin sa'a biyu. Idan hakan ta faru kada a jira a ga abin da zai biyo baya, kada a sa yaron amai. A tafi asibiti nan take, a gaya musu abin da ya haɗiya. Idan sun ce a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a wuce ba tare da ɓata lokaci ba.

Tayar da mota da mataccen makulli

Masu ƙera motar sun san batir zai mutu wata rana a inda babu shago, sun kuwa bar hanya. A cikin rimot akwai wata 'yar ƙwayar lantarki da ba ta dogara da batir ba. Idan aka kawo ta dab da wurin da aka tanada, motar ce da kanta take ba ta ɗan ƙarfin da za ta faɗi lambarta. Zangon bai wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba, shi ya sa sai an manna.

Da farko buɗe ƙofar direba da makullin ƙarfen nan. Idan ba ka ga rami a mariƙin ƙofa ba, yana ƙarƙashin wani ɗan murfin roba a ƙarshen mariƙin, akwai ɗan tsagi a ƙasansa inda za ka sa bakin makulli ka ɗaga. Wata motar za ta fara kururuwa da ka buɗe. Kada ka firgita, za ta yi shiru da zarar ta gane makullin. Zauna, taka birki sosai, ka manna bayan rimot, gefen da ke da tambarin kamfani, a jikin maɓallin tayarwa. A Toyota da Lexus za ka ji 'yar ƙara ko ka ga koriyar fitila, sai ka danna maɓallin cikin 'yan daƙiƙu. Honda ma haka take. A Hyundai da Kia da yawa, da rimot ɗin kansa ake danna maɓallin. Nissan Altima na 2007 zuwa 2012 tana da rami a ƙasa, hagu da sitiyari, inda ake zira rimot. Wasu Ford da wasu Hyundai gurbin yana cikin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba. Volkswagen kuwa a jikin wuyan sitiyari ta dama ake mannawa, inda ramin makulli yake a da.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan, da rana, a ƙofar gida, cire batirin rimot ɗinka ka gwada wannan hanya har hannunka ya saba. Ka nuna wa uwargida da duk yaron da ke taɓa motar. Wannan gwaji yana da wani amfanin kuma: ran da mota ta ƙi gane makulli, idan ta tashi ta wannan hanya, yawanci matsalar batirin makulli ce ko hayaniyar rediyo, ba wani babban abu ba. Idan akwai makulli na biyu a gida, a ɗauko shi ma a gwada. Shi ne alƙali mafi sauri.

Batirin motar kanta

A nan ne aka fi ruɗewa, don haka za mu daɗe a kai. Motar da batirinta ya yi sanyi tana iya rubuta cewa ba ta ga makulli ba, alhali makullin lafiyarsa ƙalau. Eriyoyin da kwamfutar ne ba su sami isasshiyar wuta ba. Mutum zai canja batirin rimot sau biyu, ya zagi mai shago, ya fara zancen sayen sabon makulli, bai taɓa buɗe bonet ba.

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. Kunna fitilun gaba, ka danna hon. Idan fitilar ta yi ja-ja, hon ya fito a shaƙe, ka sami amsa. Kunna fitilar cikin mota ka dube ta yayin da kake danna maɓalli. Idan ta dusashe ko ta ɗauke, dashbod ya yi ta ƙyaftawa, ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga wajen inji, wuta ce ta gaza.

Buɗe bonet ka kama kan batir da hannu ka murɗa. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Dubi abin da za ka tarar a motoci da yawa a nan: farin gari ko mai kore-kore ya taru a kan dalma, maƙallin ya buɗe saboda yawan bugu da dutse, an cusa ƙusa ko guntun gwangwani a tsakani don ya kama. Tsohuwar mota tana haƙuri da wannan. Mota mai kwamfuta ba ta yi, domin katsewar wuta ta ƙiftawar ido ta isa ta rikita ta. Da sifana mai lamba 10, kwance gefen da ke da alamar ragi tukuna, sa'annan gefen +. Wanke garin da ruwan ɗumi da ɗan garin soda na yin kek, ka goge dalmar da sanfefa har ta yi haske, ka busar. Wajen mayarwa, gefen + ne farko. Kada sifana ta taɓa kan + da ƙarfen mota a lokaci guda, kada kuma a sha taba a wurin. Maƙallin da ya buɗe a saya sabo, ba shi da tsada. Bi baƙar wayar nan mai kauri har inda aka ɗaure ta a jikin mota, ka tabbata nan ma a ɗaure take tam.

Idan an sami mita, ga abin da lambobin ke faɗa. Mota a kashe, batir cikakke yana nuna wajen volt 12.6. Idan ya nuna 12.2, rabi ya rage. Ƙasa da 12, ya sauka. Lokacin da sitata ke juyawa bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 10 ba. Idan inji na aiki a ga tsakanin 13.5 da 14.7, alamar altaneta na caji ke nan. In ya tsaya a 12 da 'yan kai inji na aiki, ko an sa sabon batir kwana kaɗan zai yi.

Yanayinmu ba ya tausaya wa batir. Zafin Maris da Afrilu ne ke cinye shi a hankali, sanyin asubahin hunturu kuma ya tona asirinsa. Shi ya sa a Disamba da Janairu ake yawan jin mota ta kwana lafiya ta ƙi tashi da safe. Ga kuma ajiya: mota mai maɓalli ko a kashe take tana shan 'yar wuta, tana sauraron makulli. Wanda ya tafi Hajji ya bar ta a rufe, ko wanda sai Juma'a da ranar ɗaurin aure yake fito da ita, zai riƙa tarar da batir a ƙasa. A riƙa zagayawa da ita na rabin sa'a ko fiye a kowane mako. Barin ta tana aiki a tsaye na minti biyar ba ya mayar da abin da sitata ta ci.

Idan za a jona da wata mota, ga tsarin, kuma a bi shi yadda yake: jar waya a kan + na mataccen batir, ɗaya bakinta a kan + na mai rai, baƙar waya a kan ragi na mai rai, ɗaya bakinta a jikin wani ƙarfen inji marar fenti na motar da ta mutu, nesa kaɗan da batir. A tayar da mai ran, a ba ta 'yan mintuna, sa'annan a gwada. Wajen cirewa a fara da wadda aka sa a ƙarshe. Juya wayoyin nan, ko na daƙiƙa ɗaya, yana ƙona babban fiyus, wani lokacin har da biren bos.

Akwai abubuwa uku da ake yi da kyakkyawar niyya waɗanda ya kamata ka hana. Lokacin rake, manyan motoci suna cika hanyoyinmu suna lodi, kuma direbobinsu mutanen kirki ne, za su ce a kawo waya. Yawancin waɗannan motoci volt 24 suke amfani da shi, ninkin naka. Ka yi godiya ka nemi ƙaramar mota. Na biyu, al'adar nan ta tayar da mota da batirin aro, a zare shi inji na aiki, a mayar da mataccen. Da 'yar uwarta, cire kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji. Dukansu suna iya sa wuta ta yi tsalle ta ƙona kayan lantarki. Na uku, turi. Mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi, ko garin nan duka ya fito.

Ta gane makulli, amma shiru

Wani lokaci dashbod zai kawo wuta tas, rediyo na aiki, babu ƙorafin makulli, amma sitata ba ta motsa ba. To akwai sharuɗɗan da motar ke jira a cika.

Tana son ta tabbata ka taka birki. Abin da ke gaya mata shi ne wani ɗan makunni a saman abin taka birkin, shi ne kuma ke kunna jajayen fitilun baya. Sa yaro ya tsaya a baya ka taka. Idan fitilun ba su kama ba, ko makunnin ya lalace ko fiyus ɗinsa ya ƙone, kuma duka biyun gyara ne mai sauƙi da kowane mai wayarin zai yi. Idan kuma birkin ya yi tauri kamar ba zai taku ba, yawanci an yi ta taka shi ne mota a kashe. Ƙara ƙarfi kawai. A mota mai kuloci, kulocin ake takawa har ƙasa.

Tana son giya ta zauna daidai a P. Tura sandar gaba sosai ka sake gwadawa. In ta ƙi, taka birki ka mayar da ita N ka gwada a nan. Sai sitiyari: idan an faka tayoyi a murɗe, ko taya ta tokare da dutse ko bakin kwalbati, sakatar sitiyarin takan cije. Wasu Toyota koriyar fitilar maɓalli ce za ta riƙa ƙyaftawa. Murɗa sitiyarin hagu da dama a hankali kana danna maɓalli.

Hayaniyar da ba a ji da kunne

Makulli da waya da abin cajin tafi-da-gidanka a aljihu ɗaya sukan hana juna sakat. Haka cajar mota mai arha da ake cusawa a ramin kunna taba, da wasu fitilun da ake ƙara wa mota. Zare su duka, raba makulli da waya, ka gwada. Makullin da ke cikin gwangwani ko jaka mai rufin ƙarfe ba ya jin kira. Ko a cikin motar ma akwai wuraren da saƙo ba ya kaiwa sosai: saman dashbod, aljihun ƙofa, bayan kujerun baya. Idan a wuri ɗaya kawai take yi maka haka, misali gindin dogon ƙarfen sabis na waya, manna rimot a maɓalli ka tayar, ka matsa gaba.

Makulli ya tafi da mai shi

Wannan ba lalacewa ba ce, amma tana kwantar da mutane a hanya. A ce Alhaji da direbansa sun fito daga Gubuci, makulli na aljihun Alhaji. A Makarfi ya sauka zai shiga kasuwa, ya ce wa direba ya wuce Hunƙuyi ya kai saƙo. Motar ta yi 'yar ƙara, ta rubuta wani abu, direba bai kula ba, ga hayaniyar kasuwa. Za ta yi tafiyarta lafiya lau, domin ba a yi ta ta mutu a kan hanya don makulli ya yi nisa ba. Amma da ya isa ya kashe, shi ke nan, sai an aiko da makulli a kan babur. Duk mai karɓar sitiyari ya karɓi makulli a hannunsa. Idan kuwa ka ankara a hanya, kada ka kashe, juya.

Sitata na juyawa, inji bai kama ba

Dubi dashbod. Idan 'yar fitila mai hoton makulli, ko mota da kwaɗo, ta ci gaba da ƙyaftawa kana tayarwa, na'urar hana sata ce ba ta yarda ba. Idan ta mutu yadda ta saba, matsalar ta bar hannun makulli, ta koma wajen mai ko wuta. Danna maɓalli sau biyu ba tare da taka birki ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya. A motoci da yawa za ka ji famfon mai ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu. Ka kuma tuna ko an taɓa sa wa motar tiraka ko ɓoyayyen makunnin tsaro, domin aikinsu ke nan su yanke mai, kuma haɗin da aka yi da gaggawa aka naɗe da salatif yana saki a kan hanya mai gargada. A garin manoma kada a manta da ɓera. Motar da ke kwana kusa da buhunan masara, ko ake barin ragowar abinci a cikinta, ka leƙa ƙarƙashin bonet ka nemi kashinsa da guntayen robar waya. Da damina kuma taɓa kafet. Idan a jiƙe yake bayan ka ratsa ruwa ko an wanke cikin mota da tiyo, ruwa na iya kasancewa ya kai ga mahaɗar wayoyi. Kada ka yi ta matsa wa sitata. Daƙiƙa goma, a huta, in an yi sau uku ba labari a dakata.

Idan ya zama dole a kira mai gyara

Abin da ka faɗa a waya shi zai sa ya zo da kayan da suka dace. Kwatanta waɗannan biyun. Na farko ya ce, "Oga, motar nan ta ƙi tashi, ka zo ka duba." Na biyu ya ce, "Malam, barka da aiki. Camry ce ta 2013, 'yar Amurka, mai maɓalli. Na sa sabon batir a rimot, na manna shi a maɓalli, na gwada makulli na biyu. Batirin mota na nuna 12.5, fitilun birki na kamawa, amma har yanzu cewa take ba ta ga makulli ba." Mai gyara na ƙwarai zai ce, "To ranka ya daɗe, kada kowa ya taɓa waya, zan zo da kwamfuta."

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata mahaɗa mai ramuka 16, wadda duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 take da ita. Nan ake jona kwamfutar ta karanto inda ciwon yake, nan kuma ake yi wa sabon makulli rajista. A fara da wannan kafin a kwance komai. Wanda ya iso da filaya da reza, ya ce zai yanke ya tsallake tsaron gaba ɗaya, ka ba shi haƙuri. Ko ta tashi a ranar, ka mayar da motarka wadda ɓarawo zai ɗauka cikin sauƙi, ka kuma gaji matsalolin wayarin da ba sa ƙarewa. Haka wanda ya ce biren bos ne tun bai jona komai ba. Yana lalacewa, gaskiya ne, amma shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda ake tuhuma.

Idan za a sayi wani rimot, a Sabon Garin Zariya ne, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, kamannin waje ba sa wadatarwa. Buɗe naka ka kwafi lambobin da ke bayansa ko cikinsa, a nemo mai irinsu. Rimot ɗin motar Turai mai 433 ba zai yi magana da motar Amurka mai 315 ba, ko da tambarinsu ɗaya. Rimot na hannu, wanda ya taɓa zama na wata mota, a Toyota da wasu kamfanoni a ɗaure yake da waccan motar sai an goge shi da na'ura. Kada ka biya cikakken kuɗi sai an yi rajista, ka ga ya buɗe ƙofa ya tayar da inji a gabanka. Ka tafi da takardun mota, domin mai aikin kirki zai nemi shaidar cewa taka ce.

Yin makulli na biyu alhali na farko na aiki abu ne mai sauƙi. Yin sa bayan duk sun ɓace aiki ne babba, kuɗinsa ya ninka, wani lokacin sai an ɗauki motar zuwa birni. Yawancin motocin da ake kawo mana da makulli ɗaya suke zuwa. Idan kana ciniki, ka sa wannan a lissafi tun a gaban dillali.

Aikin aji

1. Kowa ya zo da rimot, nasa ko na aro. A zaro makullin ƙarfe, a buɗe, a rubuta lambar batirin a littafi, a mayar yadda yake.

2. Mota ta rubuta ba ta ga makulli ba, hon ɗinta kuma a shaƙe yake. Me za ka fara dubawa, kuma don me?

3. Mita ta nuna volt 12.1 inji na aiki. Mai shago ya ce ka sayi sabon batir. Me za ka ce masa?

4. Ku rabu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai mota da ta tsaya a hanyar Ikara bayan magariba, ɗaya ya zama mai gyara a Zariya. Mai mota ya yi bayani a waya, mai gyara ya yi tambayoyin da za su nuna masa ko tafiyar ta zama dole.